A Bar Mana Hanyar Ƙafa Zuwa Matsirgar Ruwa

Kwana biyu bayan Babbar Sallah na kwashi iyali muka nufi matsirgar Gurara da ke Jihar Neja. Daga Suleja ba wata tafiya ba ce. Kana kan hanyar Minna sai ka saki babban titi ka karya, kafin ka ankara rugugin ruwan ya riga ganinsa isowa kunnenka. Yara suka yi tsit a bayan mota, abin da ba su yi ba tun da muka bar gida.

A saman da ake tsayawa a hango ruwan na tarar da wani bawan Allah, ya sha babbar riga da hula zanna, ƙamshin turarensa har inda nake. Ya ɗauki hoto uku ko huɗu, ya juya ya ce wa abokinsa: "Alhaji, ka ga ƙasar nan ba ta da rabo. Wallahi da a Dubai ruwan nan yake, da tuni an dasa masa otal mai hawa ashirin, an sa lifta har ƙasa." Ya tsotse ledar ruwan da ke hannunsa, ya sake ta nan gindin ƙafarsa, suka koma mota. Ban ce sun cika minti goma ba. Ko taki ɗaya bai yi zuwa gangaren ba.

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba. Duk wanda ya ɗora hoton wata matsirga a Facebook, sai ka ga mutane sun yi caa a ƙasa: gwamnati ta zo ta gina, a kawo masu zuba jari, a shimfiɗa kwalta har bakin ruwa. Ni kuwa ra'ayina daban ne, kuma zan faɗe shi tun yanzu. Matsirgunmu ba gini suke nema ba. Abin da suke nema shi ne hanyar ƙafa mai kyau, da tsafta, da ɗan gari mai yi wa baƙo jagora a biya shi haƙƙinsa. Duk wanda ya je matsirga bai taka ƙasa ba, bai yi zufa ba, bai gaisa da mai gona a hanya ba, hoton ruwa kawai ya gani, kuma da ya zauna gida ya kalle shi a waya da ya huta da kuɗin mai.

Abin da mota ke ɓoye maka

Na san bambancin ne saboda na taɓa zuwa Farin Ruwa, can ƙaramar hukumar Wamba a Jihar Nasarawa, daf da iyakar Filato. Ruwan yana zubowa ne daga tsayin kusan mita 150, wato ya ɗara shahararriyar matsirgar Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsawo, ita da ba ta wuce mita 108 ba, ko da yake a faɗi da yawan ruwa ba a ma haɗa su. Daga nesa kamar an shanya farin zane a jikin dutse, abin da ya sa aka ba shi sunan ke nan.

Amma ba ruwan ne ya fi zauna mini ba. Inda mota ta ƙare muka sauka, wani dattijo ya shige gaba da 'yar sandarsa da adda a hammata. Muka ratsa gonar doya, muka bi ta ƙarƙashin ɗorawa da kaɗanya, muka tsallake ƙorama a kan duwatsu. Can ya tsaya cak, ya nuna mini wata jar igiya da ta ratsa hanya, ashe kwarkwasa ce ta yi jerin gwano. Ya ce, "Malam, ɗaga ƙafa da kyau. In ka taka su, yau sai ka tuɓe wando a gaban jama'a." Muka yi dariya, muka tsallake.

Da muka ƙara gaba iska ta canza. Zafin da ke dukan ƙeya ya ɗauke, wani sanyi mai laima ya fara shafar fuska, ganyaye suka ƙara duhu, ƙasa ta yi taushi. Sautin ruwan ya fara kamar ana sheƙar hatsi a nesa, ya koma kamar jirgin ƙasa, har ya kai sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Lokacin da muka ɓulla gabansa, rigata ta jiƙe da zufa, feshin ruwan ya sauka a kaina, na ji wani daɗi da kujerar otal ba za ta taɓa ba ni ba. Gajiyar ce ta sa ruwan ya yi daɗi, kamar yadda yunwar azumi ke sa kunun tsamiya ya fi na kullum.

Wannan ne ake so a shafe da kwalta.

Haka kowace matsirga take da nata ƙauyen da nata labarin. Wanda ya taka zuwa Matsirga ta kusa da Kafanchan, wadda ruwanta ke gangarowa daga duwatsun Kagoro, zai ratsa ƙasar masu noman citta. Wanda ya sauka a Hawan Kibo ya gangara Assop zai ga inda tsaunin Jos ya yanke ya faɗa ƙasa. A kewayen Gurara za ka haɗu da matan Gwari da kayansu a kafaɗa, ba a ka ba, abin da ɗana ya yi ta tambayata dalilinsa har muka dawo gida. Mutanen Kano ma suna da tasu a Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa, amma Bakano nawa ne ya taɓa zuwa? Ka tambaye shi matsirgar Nayagara, ya gan ta a talabijin.

"Ai babu tsaro"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Wanda ya ce yana tsoron shiga daji a Jihar Neja ko Kudancin Kaduna ko wasu sassan Filato, ba ragwanci ne ya sa shi faɗa ba. Dukanmu mun san wanda aka sace, ko wanda aka sayar da gona aka fanso shi. Tun da aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, mutane da yawa suka soke duk wata tafiyar da ba ta dole ba. Akwai wuraren da ni kaina ba zan kai 'ya'yana yanzu ba, ko da an ce kyauta ne har da abincin rana.

To amma a yi mini bayani: otal mai hawa ashirin a tsakiyar daji zai kori ɗan bindiga ne, ko kuwa kiransa zai yi? Gini ba ya gadin kansa. Abin da ke tsare baƙo a ƙauye shi ne mutanen ƙauyen. Su suka san baƙuwar fuska, su suka san wace hanya aka ga sawun babura jiya, su za su ce maka "yau kada ka bi ta can." Da ɗan gari akan ci gari. In matsirga tana kawo wa ƙauye kuɗin gishiri da na makarantar yara, kowane manomi ya zama mai gadinta. In kuwa an katange ta an ba wani kamfani daga birni, an bar 'yan gari suna leƙe ta ƙofa, ranar da abu ya faru kowa zai ce bai gani ba.

Ni dai kafin in je irin wannan wuri sai na kira wani da ke zaune a yankin, ba wanda ya karanta labari a intanet ba. In na isa, sai na fara gaida mai unguwa. Na shiga da hantsi, na fito kafin la'asar. Rannan da aka ce mini in haƙura, na haƙura, na sayi doya na juyo.

"Mutane na neman na tuwo, kai kana zancen yawo"

Na ji wannan daga bakin ƙanin mahaifina. Ya ce, "Kai ɗan nan, tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane ke tafiya a ƙasa don dole, kai kuma za ka ce su yi don nishaɗi?" Na ce, "Kawu, ai maganarka ta fi goyon bayana." Tafiyar ƙafa ita ce shaƙatawar da talaka zai iya. Ranar da aka gina otal aka sa kuɗin shiga na masu hannu da shuni, ɗan ƙauyen da ya tashi yana wanka a wurin shi zai fara zama baƙo. Malamin firamaren da ke haɗa kuɗin mota ya kawo ɗalibansa su ga abin da suka karanta a darasin labarin ƙasa, shi ma ya daina zuwa.

Sannan a duba inda kuɗin ke tafiya. Ranar da muka je Farin Ruwa, mun biya dattijon da ya raka mu, mun sayi gasasshiyar masara wurin wata yarinya, mun sayi ayaba da gyaɗa, direbanmu ya cika but da doya, ɗan acaɓa ya kai ɗayanmu da ƙafarsa ta gaza. Kowace naira a ƙauyen ta kwana. Baƙon otal kuwa zai shigo da gilashi a rufe, ya ci abincin da aka sayo daga birni, ya fita da gilashi a rufe. Abin da ƙauye zai samu ƙura ce, sai ko aikin shara ga mutum biyu.

Ballantana ma mun san ƙarshen irin waɗannan gine-gine. Mun sha ganin an yanka zare an yi kiɗa, gwamnati ta sauya, ka dawo bayan shekara biyar ka tarar rufi ya yaye, jemagu sun tare a ɗakunan baƙi, awaki na kwana a wurin karɓar baƙi. Dutse da ruwa ba sa neman kasafin kuɗin gyara. Kangon gini kuwa sai ya ɓata wurin har abada.

Ruwa yana ci, wannan gaskiya ne

Akwai masu cewa a gina ne saboda a tsare rayuka. A nan ina tare da su rabi. Matsirga ba wurin wasa ba ce. Duwatsun da feshi ke duka kullum gansakuka ta lulluɓe su, sun fi sabulu santsi, kuma yawancin masu zamewa suna ja da baya ne don hoto ya yi kyau. Gurbin da ruwa ke faɗawa yana da zurfi, yana juyawa ta ƙasa, sama kuwa lumui kamar ba komai. Mafi haɗari shi ne ruwan da ba ka ga hadarinsa ba: a yi ruwan sama can kan tsauni, kai kana ƙasa rana na haska ka, cikin 'yan mintoci ƙoramar da ka tsallake da ƙafa ta zama kogi ja wur, tana tafe da itatuwa.

'Yan'uwanmu na Gana ba za su manta da ranar 19 ga Maris, 2017 ba. A matsirgar Kintampo, kan hanyar Kumasi zuwa Tamale, guguwa ta taso da ruwa, wata ƙatuwar bishiya ta karyo daga sama ta faɗa kan masu wanka. Kusan mutum ashirin suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar sakandare da suka zo yawon buɗe ido. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Hukuma ta rufe wurin na wasu watanni, aka yi gyara kafin a sake buɗewa.

Abin lura shi ne, abin da zai hana irin wannan ba bene ba ne. Mutum ne da ya san wurin, mai ikon ya daka tsawa ya ce kowa ya fito hadari ya haɗo, kuma a ji maganarsa. Sai mai duba busassun bishiyoyi kafin damina, da igiya ko ƙarfen dafawa a inda gangare ya yi tsanani, da allo da Hausa da harshen mutanen wurin da Turanci, ba Turanci kaɗai ba.

Bari in ɗan ratse. Mukan yi wa tsofaffin ƙauye dariya in sun ce wuri kaza akwai 'yan ruwa, kada a shiga da tsakar rana, ko kada a yi iyo a gurbi kaza. Ba zan shiga gardamar aljanu ba, na bar wa malamai. Amma na lura duk inda suka ce 'yan ruwa na ja, in ka duba da kyau nan ne ruwa ke murɗawa, ko akwai kogo a ƙarƙashin dutse. Sun binne mutane kafin su kafa wannan doka. Baƙo ko da idonsa makaho ne, saboda haka in tsoho ya ce kada ka shiga, ka ajiye digirinka a aljihu ka bi maganarsa.

Tsofaffi da marasa ƙarfi fa?

Wannan tambaya ce mai kyau. Mahaifiyata ba za ta iya gangaren Gurara ba, kuma tana da haƙƙin ganin ikon Allah kamar kowa. A yi wuri ɗaya a sama, mai inuwa da benci da abin dafawa, inda mota za ta iya kaiwa kusa, mai keken guragu ma ya isa. Gurara tana da irin wannan wurin hange, kuma daga nan ana ganin faɗin ruwan sosai, wanda in damina ta yi nisa yakan kai kusan mita 200, yana faɗowa daga tsayin kusan mita 30. Wannan ya wadatar. Ba sai an fasa dutse an sa lifta don ƙato mai shekara talatin ya huta ba.

Wai al'adar Turawa ce

Wannan ce ta fi ba ni dariya. Wai tafiya a ƙasa cikin daji don kallo aikin Bature ne mai jaka a baya. Mu da kakanninmu fatake suka riƙa taka ƙasa daga Kano har Gwanja da jakuna suna sayo goro, watanni suna tafe. Kintampon nan da na ambata, babbar kasuwar goro ce da Hausawa suka yi zango a cikinta tun ƙarni na 19. Mu da alhazanmu na da suka ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, wasu shekaru suka yi kafin su ga Ka'aba. Mu muka ce tafiya mabuɗin ilimi. Kuma Alƙur'ani da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta.

Abin da ya zo mana sabo shi ne zaman nan da muke yi. Mutum zai hau acaɓa zuwa shagon da ke bakin layinsu. Likita ya ce yana da hawan jini ko ciwon suga, ya riƙa tafiya, sai ya sayi takalmin motsa jiki ya ajiye a ƙarƙashin gado. 'Ya'yanmu na birni ba su san bambancin gero da dawa a gona ba. 'Yata ta ga kunyar doya ta tambaye ni kabarin wane ne.

Inda laifin yake namu

Ba komai ne na gwamnati ba. Ledar da Alhajin nan ya yar, ba gwamna ne ya saki hannunsa ba. A gangaren Gurara na ga robobin lemo sun cika wani lungun dutse, da ƙunzugun jarirai, da kwanon cin abinci na roba har da guntun ƙashin kaza. Wasu samari sun zo da ƙatuwar lasifika sun ƙure ta, ka rasa me ya kawo su wurin da ruwa ke nasa kiɗan. Wani kuma ya sa fenti ya rubuta sunansa da na budurwarsa a jikin dutsen da ya girmi kakan kakansa. Ruwan nan ba a nan ya tsaya ba. Yana wucewa ƙauyuka, mata na ɗiba, shanu na sha, har ya je ya haɗu da kogin Kwara. Madatsar da aka yi a kan kogin nan na Gurara, can sama a Jihar Kaduna, tana cikin masu ba Abuja ruwan sha. Wanda ya san darajar ruwa ba zai yi masa haka ba.

Inda nake neman hannun hukuma kaɗan ne, kuma ba ya cin biliyoyi. Banɗaki mai tsafta nesa da ruwa, don rashin sa ne ke sa mutane lafewa bayan duwatsu. Ɗan wurin alwala da sallah. Kwandon shara da wanda zai kwashe. Sai kuɗin shiga sananne, a rubuce, da rasit. Na taɓa zuwa wata matsirga, ba zan kama suna ba, aka tare mu sau uku a hanya ɗaya: na farko ya ce kuɗin ƙofa, na biyu kuɗin ajiye mota, na uku kuɗin kyamara, alhali waya ce a hannuna. Babu wanda ya ba ni ko guntuwar takarda. Da na tambayi mai unguwa ko wani abu na shigowa gari daga ciki, murmushi kawai ya yi ya ce, "Yallaɓai, mu dai muna ganin motoci." Da za a tsaida kuɗi ɗaya, a ware wa ƙauye kasonsa a fili, a yi wa matasan da ke rakiya rajista a koya musu agajin gaggawa, da an gama rabin aikin.

A ranar Gurara, bayan masu babbar riga sun tafi, wani yaro ɗan wurin, bai fi shekara goma sha huɗu ba, ya ce zai kai mu ƙasa. Muka bi shi a hankali, ni ina riƙe da ƙaramar, uwargida na faɗin "Bismillahi" a kowane taki. Yana tafe yana nuna mana dutsen da za mu taka da wanda za mu kauce wa. A ƙasa yara suka tsoma ƙafa a inda ya ce ba komai, muka ci dambun naman Sallah, muka tattara ledojinmu da wasu da ba namu ba a cikin buhun da muka zo da shi. Hawowa ta fi sauka wuya, sau biyu ina tsayawa ina haki yaran na yi mini dariya.

Da na sallame shi, ya ƙirga kuɗin ya sa a aljihu, ya ce, "Baba, wannan ai ba ruwa kuka gani ba. Ku dawo watan tara, lokacin ko dutsen can ba a gani." Ya kalli ƙafata, ya ga takalmin Sallah mai santsi da na sha wahala da shi tun safe, ya girgiza kai. "Amma don Allah ku zo da na roba."